Tsohon fim ɗina yana warin tsami

Tambaya: Na sayi naɗin fim ɗin soyayya da barkwanci na Amurka, marar magana, na wajajen 1927, mai faɗin milimita 16. Yana warin binega. Ya lalace ne?

Amsa: Malam, ya kama hanya. Zafi da laima ne suka sa asetat, wato robar da aka yi shi da ita, fitar da asid. Za ta ƙanƙance, ta kanannaɗe. Raba shi da sauran finafinanka yau, domin abin yana yaɗuwa. Kada ka ɗora shi a majigi, ramukan gefensa za su yage. Ajiye shi wuri mai sanyi, busasshe, a gaggauta kwafe shi zuwa kwamfuta.

Ka ma yi sa'a: da milimita 35 ne mai tambarin NITRATE, wato wata irin roba mai saurin kama wuta, wutarsa ko ruwa ba ya kashe ta.