Tambaya da Amsa: 'Yar Jaridar Labarina Ta Zama 'Yar Rakiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zana labari mai hotuna a kan wani masanin kayan tarihi da ke tono a dalolin Bajrawiya, kusa da Shandi a ƙasar Sudan. Na haɗa shi da wata 'yar jarida, amma waɗanda suka karanta sun ce ba ta tsinana komai sai riƙon kyamara. Ina gyaran yake?
Mai karatu daga Mai Wurno, jihar Sinnar.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsalar ita ce ba ka ba ta buƙatar kanta ba. Ka sa burinta ya ci karo da nasa. Ita edita na matsa mata ta turo labari yau, shi kuwa ya san ana bugawa masu neman zinare za su dira da na'urar gano ƙarfe su yi wa wurin kaca-kaca. Tsoronsa na da tushe: a 1834 wani Ba'italiye, Giuseppe Ferlini, ya rushe dalar Sarauniya Amanishakheto don zinarenta, kayan kuma suna Munich da Berlin har yau. Rigima ta samu ke nan, ba sai ka ƙirƙiro aljani ba.

Tambayoyinta su ne ƙofar mai karatu, amma kada su wuce ɗaya a shafi, amsar kuma ta tsaya a kalma 25 ko ƙasa. In ta zarce haka, rubutu zai cinye zanen.

Ka ba ta aikin hannu. Ba a ɗaga abin da aka tono sai an ɗauke shi hoto a inda yake, da sandar awo da kibiyar da ke nuna arewa a gefensa, sannan a sa shi a leda mai lamba. Ita ce mai hoton, don haka ranar da wani tulu ya ɓace, hujja na hannunta. Kada ka manta da mufattish, wato jami'in sa ido na hukumar kayan tarihi, domin ba a tono sai da izini.

Wani tuntuɓen da masu zane ke yawan yi: gwaninsu ya kalli rubutun Merowe, tsohuwar daular da ta gina dalolin, ya fassara shi tiryan-tiryan. Haruffansa 23 ne, an san yadda ake furta su tun zamanin Griffith, masanin Birtaniya da ya gano hakan wajen 1911, amma har yanzu kaɗan aka fahimta daga harshen. Bari ta tambaye shi me aka rubuta, ya karanto mata sunan sarki, daga nan ya yi shiru yana sosa ƙeya.