Amsa ga ƙaninmu mai tambaya kan karatun kiwon shanun madara a jami'a

Wa'alaikumus salam. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya, sai yanzu na samu zama. Ka ce likitancin dabbobi ka nema, jami'a ta ba ka Kimiyyar Dabbobi a tsangayar aikin gona, burinka kuwa ka buɗe gonar shanun madara wata rana, kana tunanin ko ka karɓa ko ka sake zama jarrabawa baɗi. Ni wannan karatun na yi, kuma a gonakin madara na ci abinci bayan na gama, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Ka karɓa. In dai madara ce a ranka, abin da aka ba ka ya fi kusa da burinka fiye da abin da ka nema. Likitan dabbobi shekara 6 yake yi yana koyon cuta da magani da fiɗa, kuma babu gonar da za ta rayu ba shi. Amma shi ana kiransa ne in an samu matsala. Wanda ke tsara abin da saniya za ta ci yau da gobe, da lokacin da za a yi mata barbara, da maraƙin da za a riƙe da wanda za a sayar, da kuɗin da kowace litar madara ta ci, wannan kai ne. A garken da ake kula da shi yadda ya kamata, kwanakin da ba a buƙatar allura sun fi yawa nesa ba kusa ba, abinci kuwa kullum ne.

Sai dai kada ka shiga da zaton daga ranar farko za a kai ka gaban saniya. A yawancin jami'o'inmu karatun shekara 5 ne. Shekarar farko kimiyyar sinadarai ce da lissafi da fiziks da ilimin halittu, kamar kowane ɗalibin kimiyya. Ta biyu da ta uku za ka sha karatun ƙasa da tsirrai da tattalin arzikin noma da aikin malaman gona, har ka fara tambayar kanka ina shanun suke. Mu ma mun yi wannan ƙorafin. Daga baya ne na gane mai kiwon madara manomin ciyawa ne kafin komai, darasin ƙasa da taki da muke raina wa shi ne ya fi yi mini amfani ranar da aka ce in shuka hekta biyu ta ciyawar giwa da lablab. Shekara ta huɗu ta aikin hannu ce a gona, ta biyar kuma ka tsunduma cikin fannin dabbobi ka rubuta kundin bincikenka. Darasin da sunansa madara kai tsaye bai fi ɗaya ko biyu ba, sauran sai ka tsinto su cikin darussan abincin dabbobi da haihuwa da gadon halitta da kula da makiyaya. An yi wa manhajar jami'o'i garambawul a 'yan shekarun nan, saboda haka ka nemi littafin sashenku ka duba yadda aka jera muku.

Darasin da nake so ka riƙe da hannu biyu shi ne na abinci. Saniya tana cin busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyinta kullum. Mai kilo 400 ke nan tana son wajen kilo 12, ban da ruwan da ke cikin ɗanyar ciyawa. Yanzu ka ɗauki shanu 10 kacal, ka ɗauki rani na kwana 180, wanda a Kano ko Katsina ko Sakkwato ma ya kan wuce haka. Ka buga: kilo 21,600 ke nan, sama da tan 21 na ciyawa da harawa da dusa da za ka tanada kafin ruwa ya ɗauke. Wanda bai yi wannan lissafin a watan Satumba ba, a watan Maris zai yi shi a kasuwa, lokacin da damin harawa ya yi tashin gwauron zabi. Nan ne yawancin ƙananan gonaki ke durƙushewa, ba a wurin cuta ba. Jami'a za ta koya maka yadda tumbin saniya ke aiki, da dalilin da ya sa in ka danƙara mata masara ko dusa ba isasshiyar ciyawa cikinta zai yi tsami ta daina ci, da yadda ake haɗa dusa da ƙowa da tunkuza ko angurya a samu sinadarin gina jiki daidai da madarar da take bayarwa. Ƙa'idar da ake yawan aiki da ita ita ce kilo ɗaya na haɗin abinci ga kowace lita biyu zuwa biyu da rabi. Za kuma ka koyi yanka masara da ɗanyenta a daddatse a danne a rami a rufe, iska ba ta shiga, a buɗe da rani. Ruwan sha ma lissafi ne, domin madara kusan kashi 87 cikin 100 ruwa ce, saniya mai tatsa sosai a zafin Afrilu tana iya shanye sama da lita 60 a yini. Gonar da ba ta da rijiya tata ba ta fara ba tukuna.

Sai maganar irin shanu, wadda na san ita ce ke ranka, don duk matashin da ya zo mini da hoton baƙa-da-fara ta Turai yake zuwa. Bunaji, farar saniyarmu, a hannun makiyayi lita ɗaya zuwa biyu ake tatsa a yini bayan maraƙi ya sha nasa. Bokolo ta Sakkwato da Azawak ta Nijar, wadda aka daɗe ana inganta ta a tashar Tukunus, ana yaba musu wajen nono. Holstein kuwa, baƙa-da-farar nan da ake kuma kira Friesian, a ƙasarta tana wuce lita 25. Mutum in ya ga wannan tazara sai hankalinsa ya tashi. Na yi aiki a wata gona inda mai ita, attajiri ne mai kyakkyawar niyya, ya sayo tsantsar na waje ya zuba su a rumfar kwano a tsakiyar zafi, ba fanka, ba ciyawar da aka shuka. Kaska da kirci da zafi suka taru a kansu, waɗanda suka tsira ma suka ƙi ɗaukar ciki. Saniyar Turai zafi yana rage mata ci, in ci ya ragu madara ta ragu. A tsaunin Jos ko Mambila tana iya sakewa, a sauran wurare kuwa ruwa-biyu ce ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi: uwa Bunaji, uba Friesian ko Jersey. Irin wannan in ta samu abinci tana ba da lita 8 zuwa 12 ko fiye, kuma tana da sauran juriyar uwarta. Da zarar jinin waje ya haura kashi uku cikin huɗu, ka shirya wa ɗawainiya. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta daɗe tana wannan haɗin na Friesian da Bunaji, in ka samu hanyar zuwa can ka gani da idonka kada ka yi wasa da ita.

Abin da ake kira kula da garke, in ka tankaɗe ka rairaye, rubutu ne. Saniya tana neman namiji duk bayan kwana 21, kuma alamar ba ta wuce 'yan sa'o'i, a shanunmu na gida ma ta fi gajarta, sau da yawa da dare take zuwa. In ɗurin iri kake yi da hannu, maniyyin da aka ajiye cikin ruwan nitrojin mai tsananin sanyi, to wadda ka gani tana tsayawa wasu na hawanta da safe, da yamma za a yi mata, wadda aka gani da yamma kuwa sai washegari da safe. Ka kuskure, ka yi asarar sati uku na abinci a banza. Ciki wata tara ne da 'yan kwanaki. Abin da littafi ke nema shi ne a tatse ta kwana 305, a hutar da ita kwana 60, ta haihu duk shekara. A ruga kuwa karsana takan kai shekara huɗu kafin haihuwar fari, tsakanin haihuwa da haihuwa kuma shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Ribar gona tana cikin rage wannan tazarar, kuma ba ka rage abin da ba ka rubuta ba. Kowace saniya da lambarta a kunne da shafinta: yaushe ta haihu, lita nawa safe da yamma, wane magani aka ba ta, yaushe. Bafulatani yana riƙe duk wannan a ka, har kakar kakar saniya zai lissafa maka, amma kai da za ka ɗauki ma'aikata su riƙa canjawa, littafi ne zai riƙe maka. Ka koyi Excel tun kana aji biyu.

Tunda na ambaci Fulani, ga wata shawara. Kada digiri ya sa ka shiga ruga da girman kai. Makiyayi zai hango saniya daga nesa ya ce maka gobe ba za ta ci abinci ba, kuma haka za a yi. Ka koyi sunayen da yake kiran cututtuka da su, sammore da ƙudan tsando ke kawowa, da bakkale mai sa ɓari, da boru mai kama baki da kofato, da ciwon huhu, da hanta, don in ka tsaya kan sunayen Turanci ba za ku fahimci juna ba. Abin da kai za ka kawo masa shi ne dalili da ma'auni: me ya sa maraƙi zai sha dakashi cikin sa'o'in farko na haihuwa, me ya sa ake kai rigakafi kafin cuta ta shigo (cibiyar Vom da ke kusa da Jos, wadda ke nan tun 1924, ita ke yin yawancin alluran rigakafin dabbobi na gida), me ya sa ba a sayar da madarar saniyar da ke kan maganin kashe ƙwayoyin cuta sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika. Wannan na ƙarshe masu yin yogot sun san zafinsa, bokiti ɗaya mai magani yana hana tukunya guda kamawa. Ka kuma sani a gidan Fulani nono na mata ne, su ke tatsa ko karɓa, su kaɗa man shanu, su kai kindirmo kasuwa. Duk shirin tara madarar da ya tsaya kan maza kawai yakan yi tuntuɓe.

Madara ba ta jira. In ba a sanyaya ta zuwa digiri 4 cikin 'yan sa'o'i ba ta fara juyawa, ga wutar lantarkinmu yadda ka sani. Dafa ta a digiri 63 na minti 30, ko 72 na daƙiƙa 15, shi ke kashe ƙwayoyin tarin fuka da bakkale masu kama mutane. Za a nuna muku gwajin gano wadda aka tsarma wa ruwa da gwajin ciwon hantsa a ɗakin gwaje-gwaje, wataƙila sau ɗaya, ku talatin a kan na'ura ɗaya. Kada ka tsaya a baya.

Wannan ya kawo ni kan shekara ta huɗu, wadda a ganina ita ce rabin digirin. Da yawa daga cikin ɗalibai sukan nemi a tura su ofis kusa da gida, su sa hannu a rajista su dawo. Kai ka nemi gonar da ake tatsa da asuba, ko da ba za a biya ka ko sisi ba. Akwai Shika, akwai gonar madara ta Vom, akwai L&Z a Kano, akwai Sebore a Mayo Belwa ta Adamawa, akwai gonar Arla a Damau ta jihar Kaduna, ga kuma wuraren tara madara na kamfanin da ke yin madarar Peak a jihar Oyo in ba ka tsoron nisa. Ka rubuta takarda da wuri ta hannun sashenku. In ka je, ka kwashe kashi, ka wanke hantsa, ka riƙe maraƙi, ka koyi kayar da sa da igiya ba tare da ka ji masa ciwo ba, ka bi mai ɗurin iri duk inda ya sa ƙafa. Hutun ƙarshen zango ma ka riƙa komawa. Kundin bincikenka na aji biyar kuma ka zaɓe shi a kan shanu, ko da malamai za su ce kaji sun fi sauƙi da arha, gaskiya ne sun fi, shi ya sa kowa ke gudu can, shi ya sa kuma masu hannu a shanun madara suka yi ƙaranci.

Batun aiki bayan kammalawa ba zan yi maka romon baka ba. Albashin farko a gona ba shi da yawa, ba Sallah ba Juma'a, saniya ba ta san hutu ba. Amma ƙasar nan har yanzu mafi yawan madarar da kamfanoni ke sarrafawa garin madara ne daga waje, a 2019 Babban Banki ya matsa wa masu shigo da ita su zuba jari a gida, a 2024 kuma aka kafa ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo. Ko me mutum zai ce game da tafiyar gwamnati, masu gonaki suna neman manajan da ya iya lissafin abinci ya kuma iya riƙe littafi, sau da yawa ba sa samu. In ka gama ka yi rajista da hukumar masana kimiyyar dabbobi ta ƙasa, NIAS. Taka gonar kuwa, ka yi wa wani aiki tukuna ka ga damina da rani sun zagayo a kan kuɗinsa. In lokaci ya yi, ka fara da mai sayen madarar, sannan ruwa, sannan ciyawa, shanu su zo daga ƙarshe, biyu ko uku sun isa.

Ka gaya mana wace jami'a ce ta ɗauke ka, akwai 'yan uwa a nan da suka yi Zariya da Bayero da Danfodiyo da Maiduguri, za su fi ni sanin halin da gonar kowane sashe ke ciki yanzu. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a karatun.