Ta ina zan fara karanta Dorothy Parker?

Salam yar uwa, naga tambayarki kan wane littafin Dorothy Parker, marubuciyar nan ta Amurka, zaki fara dashi, to ni shawarata ki nemi The Portable Dorothy Parker kawai, ya fara fitowa 1944 kuma ya hada wakokinta da gajerun labarai waje daya, bugun baya ma an kara sharhin da take rubutawa kan littattafai a mujallar New Yorker.

Amma kar ki shiga da tunanin dariya zalla zaki sha. Eh bakinta akwai kaifi sosai, har korarta akayi daga mujallar Vanity Fair a 1920 saboda yadda take caccakar wasannin dandamali, amma ki bude labarin Big Blonde wanda yaci kyautar gajerun labarai ta O. Henry a 1929, labarin wata mace ne da maza ke son ganinta kullum cikin fara'a tana basu nishadi alhali ciki ta gaji da rayuwa tana ta shan giya, wallahi dana gama shi shiru nayi na ajiye littafin na dade.

Abinda yafi tabani ma bayan mutuwarta ne. Ta rasu 1967 a New York bata haihu ba, sai ta barwa Martin Luther King, dan gwagwarmayar kare hakkin bakaken fata, dukiyarta duk da basu taba haduwa ba, da aka kashe shi 1968 ta koma hannun kungiyar NAACP ta bakaken fatan Amurka. Tokar gawarta kuwa shekaru tayi a durowar ofishin wani lauya kafin a binne ta a Baltimore 1988, daga baya a 2020 aka maida ita makabartar Woodlawn dake New York.