Filin Tambaya: Me 52x ke nufi, kuma me ya sa faifan Kawu yake tsalle?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Shari'a Mansur, Makka. Kawuna yana jigilar fasinja zuwa Jidda da tsohuwar motarsa, rediyonta CD kawai take ci, ba ta da wurin filashi. Ni ke kwafa masa karatun Alƙur'ani. A goshin na'urar buga faifan kwamfutata an rubuta 52x32x52x, ni kuma kullum 52 nake zaɓa. Amma faifan yana tsalle a mota, musamman in an kai surorin baya. Sannan abokina ya ce tasa ta DVD mai 16x ta fi tawa gudu. Ta yaya 16 zai fi 52?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, a gaida mana Kawu. Bari mu fara da musunku, don abokinka ne da gaskiya.

Harafin x ɗin nan ninki yake nufi. Lokacin da Philips da Sony suka fito da CD a 1982, gudun da faifan sauti ke yi idan ana sauraronsa shi ne ya zama ma'auni, wato 1x, kimanin kilobayit 150 a daƙiƙa. Faifai mai minti 80, in ka buga shi a 1x, minti 80 ɗin za ka zauna. A 8x minti 10 ne, a 16x minti 5. Sai dai mudun DVD daban yake: 1x ɗinsa kilobayit 1,385 ne a daƙiƙa, kusan ninki 9 na CD. Tasa a 16x tana zuba kimanin megabayit 22 a daƙiƙa, taka a 52x ba ta kai 8 ba. Kamar ka ce riyal 16 da naira 52 ne.

Lambobi ukun kuwa, ta farko gudun bugawa ne a CD-R, faifan da ake buga wa sau ɗaya. Ta tsakiya ta CD-RW ce, wanda ake gogewa a sake. Ta ƙarshe gudun karantawa.

Yanzu ga maganar tsallen, wadda ta fi damuna. Ana fara rubuta CD ne daga ciki, kusa da ramin tsakiya, a yi ta zagayowa har baki. A babban gudu na'urar tana juya faifan wajen sau 10,000 a minti, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Zagayen ciki gajere ne, na baki dogo, don haka a farko gudun bai kai rabin 52 ba. Sai an je can bakin faifai ake taɓa 52 ɗin. Shi ya sa lissafi zai ce maka minti 1 da rabi, agogo kuma ya nuna wajen minti 2 da rabi. To ka lura, surorin bayan nan da ke tsalle su ne suka faɗa bakin faifai, inda lezar, wato siririn hasken da na'urar ke rubutu da shi, ke gasa rinin da ke jikinsa cikin tsananin sauri, faifan kuma yana karkarwa. Alamomin da lezar ke bari sukan fito ba su nuna sosai ba. Kwamfutarka za ta karanta su lafiya, amma tsohon idon rediyon mota, da ƙura da girgizar hanya, ba zai iya ba.

Na taɓa wannan gangancin a shagona a nan Jidda. Wata Hajiya ta kawo karatu a kwafa mata faifai 30 tsarabar gida, jirginta na dare. Na sa a ƙurewar gudu don in sallame ta. Da na gwada a tsohuwar rediyon shago, kusan rabi suna sarƙewa a ƙarshe, sai da na sake su daga aljihuna. Tun ranar ban ƙara wuce 16x a faifan sauti ba. Kai ma ka tsaya nan. Minti 2 ko 3 kawai za ka ƙara. Kada kuma ka ce za ka sauka 1x ko 2x don neman inganci, faifan yanzu ba don wannan jan ƙafar aka yi su ba, na'urori da yawa ma ba za su ba ka zaɓin ba.

Duba kwalin faifan, shi ma da nasa gudun a rubuce, kuma na'ura takan bi wanda ya fi ƙasa tsakanin nata da nasa. Ka sayi CD-R, domin CD-RW ba ya mayar da haske sosai, tsofaffin rediyoyi kan ƙi shi. A manhajar da kake bugawa da ita ka zaɓi faifan sauti, don ba kowace tsohuwar rediyo ke gane MP3 ba, kuma ka bari ta rufe faifan in ta gama, wato ta kulle rubutun yadda ba za a ƙara komai a kai ba.

Sai zafi. Ka san yadda cikin mota ke zama in an ajiye ta a ranar Makka da azahar. Rinin faifan ba ya jure rana, robar ma takan lanƙwashe. Ka roƙi Kawu ya daina barin su a gaban gilashi, ya sa su a jaka ya shiga da su gida. In ka buga a 16x yana tsalle har yanzu, a kai rediyon wurin mai gyara ya share mata ido.