Mamburen ɗina yana toshewa duk wata uku, in sayi mai shafin azurfa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ƙaramar masana'antar fiya wata, da bohol muke aiki, injin tace ruwa na RO ne mai mamburen (matatar da ke raba ruwa da gishiri da datti) samfurin 4040 guda shida. Duk bayan kamar wata uku ruwa sai ya ragu, firesha ta hau, in muka buɗe sai mu tarar da wani yauƙi mai wari. Wani dila ya ce in sayi mamburen mai shafin azurfa, wai yana kashe ƙwayoyin cuta ba ya buƙatar wanki har abada, shi kuma mai gyaranmu ya ce in bar wahala, a riƙa zuba bilic duk sati. Wallahi jarina ne ke narkewa, wanne zan bi?

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya rufa asiri ya mayar da alheri. Wannan yauƙin gidan bakteriya ne, in suka samu wajen maƙalewa sai su fitar da wani abu kamar majina su lulluɓe kansu da shi, shi ne yake toshe hanyar ruwa.

Maganar shafi gaskiya ce, ana bincike a kanta sosai. Akwai mai kisa, irin ƙananan ƙwayoyin azurfa ko jan ƙarfe, akwai kuma wanda ba ya kisa sai dai ya sa fuskar mamburen ta yi santsi ta riƙe ruwa yadda ƙwayoyin ba za su samu mamaƙala da wuri ba, kamar shafin PVA, wani irin roba mai son ruwa, da wasu kamfanoni ke sawa, ko folidofamin da masu bincike a Amurka suka fito da shi a 2007 bayan sun yi nazarin yadda wata dabbar teku mai ɓawo ke manne wa dutse. Amma azurfa narkewa take a hankali, da narkewar ne ma take kisan, in ta ƙare shi ke nan. Shafin kuma da ba ya kisa sai bakteriya sun taɓa shi, gawar bakteriyar farko ce ke rufe shi, na baya su zo su yi gini a kanta. Sannan yawancin yauƙin a ragar nan ta roba da ke tsakanin zanen mamburen yake taruwa. Don haka shafi yana jinkirta toshewa, bai taɓa ɗauke wa kowa wanki ba. Ka ce dilan ya ba ka takardar bayanan kamfanin da ya ƙera, da shaidar cewa an amince da shi a ruwan sha, in ya fara kame-kame ka riƙe kuɗinka.

Amma Alhaji maganar bilic ɗin nan ce ta fi tayar min da hankali, don kusan kullum sai na ci karo da ita, kuma na gaji da ganin mutane suna ƙona dukiyarsu da hannunsu saboda shawarar wanda bai taɓa buɗe takardar mamburen ya karanta ba. Abin da ke tace gishiri a mamburen ɗinka wani ɗan siririn shimfiɗi ne na wata roba da ake kira foliyamayid, kaurinsa bai fi nanomita 200 ba, gashin kanka ya ninka shi sau ɗaruruwa. Kilorin da ke cikin bilic cin sa yake. Masu ƙerawa sun rubuta ƙarara cewa kada kilorin a ruwan da ke shiga ya kai ppm 0.1 (ppm 1 shi ne kashi ɗaya cikin miliyan), kuma a ppm 1 kacal mamburen kan fara lalacewa tsakanin awa 200 zuwa 1,000. To bilic ɗin wanki na kasuwa yana ɗauke da kilorin kashi 3 zuwa 5 cikin 100, wato ppm 30,000 zuwa 50,000, ko ka surka shi a bokiti ka riga ka wuce iyaka nesa ba kusa ba. In kuma ruwan bohol ɗinka yana da ƙarfe, irin wanda ke barin ja a jikin tanki, to ɓarnar ta fi sauri.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne washegari ruwa sai ya ƙaru, firesha ta sauka, mai gida ya yi ta sa wa mai gyara albarka har da ƙarin na cefane, alhali mamburen ɗin ne ya huje, ruwa ke wucewa da gishirinsa da dattinsa, kuma wannan ba ya gyaruwa, babu wankin da zai dawo da shi. Ka ɗauki mitar TDS, mai auna yawan gishirin da ya narke a ruwa, ka auna kafin a zuba bilic da bayan an zuba, za ka ga lambar ta tashi. Kuma ruwan nan ba kai kaɗai kake sha ba, yaran makaranta ne, masu jego ne, marasa lafiya a gadon asibiti ne da suka yarda da lambar NAFDAC da ke jikin ledarka. Don Allah masu gyara ku ji tsoron Allah, in ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba, amana ce aka ba ku ta lafiyar mutane.

Kilorin yana da wajensa, a tankin ɗanyen ruwa, amma dole a cire shi kafin ya isa mamburen, da gawayin tacewa ko da sodiyam metabaisalfait, a kuma riƙa aunawa. Ka lura shi kansa tankin gawayin in ba a wanke shi ta baya a kai a kai, shi ne yake zama gonar bakteriya ya riƙa aiko maka da su. Haka katirij mai maikiron 5, wato matatar da ke tare datti kafin ruwa ya isa mamburen, kada a jira sai ya yi baƙi kafin a canza shi.

Wani abin da na fi zargi a wajenka shi ne tsayuwar inji. A ɗauke wuta, ba dizal, ruwa ya kwana biyu a ciki cikin zafin nan namu, ai ƙwayoyi sun samu abin da suke so. Duk lokacin da za ku tsaya ku ɗauraye da tataccen ruwa, in tsayuwar za ta wuce kwana biyu a jiƙa mamburen ɗin a metabaisalfait kashi 1 cikin 100.

Wanki kuma kada ka jira wata uku. Da ruwan da kake samu ya ragu da kashi 10 zuwa 15, ko bambancin firesha tsakanin shiga da fita ya hau da kashi 15, a wanke. A fara da kostik soda mai rauni, 11 zuwa 12 a ma'aunin pH mai nuna ƙarfin asid ko na soda, shi ke narkar da yauƙi, a ɗauraye, sannan a bi da sitirik asid don ƙarfe da farar ƙasa. Da yawa suna farawa da asid, yauƙin sai ya ƙara ƙanƙamewa. Ka samu littafi ka riƙa rubuta firesha da yawan ruwa da TDS kowace safiya, bayan sati huɗu ka turo min lambobin tare da sakamakon gwajin ruwan bohol ɗin, in an riga an zuba bilic ɗin ko sau ɗaya ne ka faɗa min.