Sababbin Fasahohin Likitanci: Wanne Ya Iso Mana, Wanne Ke Hanya? Likita Na Amsa Tambayoyinku Daga Yamai

Saƙonnin wannan mako kusan duk wuri ɗaya suka dosa, wato labaran sababbin magunguna da na'urori da ke yawo a WhatsApp da Facebook. Na zaɓi biyar, na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunaye.

Wata uwa daga Bukoki: Likita, ɗana mai shekara bakwai yana da amosanin jini, SS. Na ji an ce a ƙasar waje an gano maganin da ke warkar da shi gaba ɗaya. Gaskiya ne? Yaushe zai iso mana?

Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya, ya saka miki da wahalar jinya. Labarin gaskiya ne. Sunan maganin Casgevy. Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta bi baya a Disamba. An gina shi a kan fasahar CRISPR, wadda tamkar almakashi ce da ke yanka ƙwayar gado daidai inda ake so. Mata biyu da suka ƙirƙiro ta, Emmanuelle Charpentier ƴar Faransa da Jennifer Doudna ƴar Amurka, sun karɓi kyautar Nobel a 2020.

Ga yadda yake aiki. Jariri a cikin ciki yana da wani nau'in jini da ake kira hemogulobin F, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje yadda jinin mai SS ke yi. Bayan haihuwa jiki yakan rufe shi sannu a hankali, shi ya sa ciwon ba ya nuna kansa sai yaro ya doshi wata shida. Abin da likitoci ke yi shi ne su ɗebo ƙwayoyin ɓargon majiyyaci daga jininsa, su kai ɗakin gwaji a yanke makullin da ya rufe wancan jini na jarirai. Daga nan sai a ba shi magani mai ƙarfi irin na ciwon daji, busulfan, ya share tsohon ɓargon, sannan a mayar masa da ƙwayoyin da aka gyara. Yakan yi makonni a kwance a ɗaki na musamman, domin a lokacin ba ya da garkuwa ko kaɗan. Busulfan kuma yana iya hana mutum haihuwa har abada. An fara ba da izininsa ne ga masu shekara 12 zuwa sama, kuɗinsa a Amurka dalar Amurka miliyan 2 da dubu 200, abin da ya haura sefa biliyan ɗaya. Kuma wanda ya warke, ƙwayar S ɗin tana nan a abin da zai gadar wa ƴaƴansa.

Ba zan yi miki alkawarin ranar isowarsa ba. Amma akwai magani mai sauƙin kuɗi da ke bin wannan hanya ɗin, wato hidroksiyuriya. Shi ma hemogulobin F yake ƙarawa, yana rage yawan tashin ciwo da buƙatar ƙarin jini. Ana auna shi da nauyin yaro, akan fara da kimanin miligiram 15 zuwa 20 ga kowane kilo a rana, kuma dole a riƙa duba jini a kai a kai saboda yana iya rage fararen ƙwayoyin jini. Kada ki saye shi da kanki. Ki je Cibiyar Amosanin Jini ta Ƙasa da ke nan Yamai ki tambaya ko yaron ya cancanta, ki kuma tambayi gwajin jijiyoyin kai da ake kira dopila, wanda ake so a yi sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16 don gano mai haɗarin shanyewar jiki tun kafin ta auku.

A gida kuma, ruwa da yawa a zafin Afrilu, rigar sanyi da ruwan ɗumi a lokacin ɗari, gidan sauro kowane dare. Zazzaɓin da ya kai 38,5 a jikin mai SS ba na jira ba ne, a tafi asibiti ko da tsakar dare. Haka in ya ɗashe farat ɗaya, ko gefen hagu na cikinsa ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, ko baki ya karkace.

Ga masu shirin aure da ke karanta wannan: gwajin Emel yana nuna akwai S ne kawai, ba ya bambanta AS da SS. Ku nemi gwajin elektroforez, shi ke bambanta su. In AS ya auri AS, kowane ciki da nasa rabon ɗaya cikin huɗu na zama SS. Haihuwar SS guda ba ta kare ukun da ke biye.

Wani ɗalibi a Jami'ar Abdu Mumuni: Ni yanzu in na ji ba daidai ba ChatGPT nake tambaya, har hoton sakamakon gwaji nake tura masa. Ina ga nan da ƴan shekaru ba za a buƙaci likita ba. Me ka gani?

Ɗan'uwa, akwai wuraren da na'ura ta riga ta nuna gwaninta, kuma ina maraba da su. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da manhaja wajen karanta hoton ƙirji don tantance tarin fuka ga masu shekara 15 zuwa sama. A ƙasar da ƙwararrun karanta hoto ba su da yawa, kuma mafi yawansu suna birni, wannan babban abu ne: a ɗauki hoto a gari mai nisa, cikin ƙasa da minti ɗaya manhaja ta ce wannan a bincike shi. Duk da haka ba da maganarta ake fara magani ba. Sai an kai majina an saka a na'urar GeneXpert, wadda cikin kimanin awa biyu take gano ƙwayar, ta kuma faɗi ko ta bijire wa rifamfisin, babban maganin tarin fuka.

Manhajar hira irin wadda kake amfani da ita dabam ce. Aikinta jera kalmomin da suka fi dacewa da juna bisa ɗimbin rubutun da ta koya, mafi yawansa na Turanci, daga Turai da Amurka. Kuskurenta kan zo ta hanyoyi sanannu. Tana iya ƙago adadin magani ta faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa. Zazzaɓi a can ba safai yake zama maleriya ba, alhali a nan duk zazzaɓi sai an yi gwajin yatsa, wanda ke fitowa cikin minti 15 zuwa 20. Hotunan cututtukan fata da aka koyar da irin waɗannan na'urori yawanci na farar fata ne, ja a can kuwa yakan fito duhu ko toka-toka a jikinmu. Sai batun ma'auni. Takardunmu sukan rubuta sukari da giram a lita, wasu ƙasashe da miligiram, wasu da milimol. Iyakar ciwon sukari kafin karin kumallo 1,26 ce a namu, 126 a na biyu, 7 a na uku, duk abu ɗaya ne. In hoton bai fito da kyau ba aka karanta lamba ba tare da ma'auninta ba, mai lafiya zai firgita, marar lafiya ya miƙe ƙafa.

Abin da ba ta iyawa ko kaɗan shi ne taɓa jiki. Ba za ta lanƙwasa wuyan yaro ta ji ya ƙage ba, wanda a lokacin ƙura alamar sanƙarau ce. Ba za ta danna ciki ta ga inda mutum ya zabura ba.

Ka yi amfani da ita don fahimtar kalmar Faransanci da ke takardarka, ko don shirya tambayoyin da za ka yi wa likita. Ka rufe sunanka da lambarka kafin ka tura hoto. Kada ka karɓi adadin magani daga gare ta, musamman na yaro, mai ciki, ko mai ciwon ƙoda. A ganina aikin likita zai sauya ƙwarai, kuma wanda zai fi cin moriya shi ne ma'aikacin jinya da ke shi kaɗai a ƙaramin asibitin ƙauye, wato CSI, in aka ba shi kayan da aka gwada a kan marasa lafiyarmu, da wutar sola da za ta riƙe su.

Wani magidanci daga Harobanda: An ce yanzu akwai allurar rigakafin maleriya. In an yi wa ɗiyata, za mu iya daina gidan sauro da maganin da ake rabawa da damina?

A'a, Malam, kada ku daina ko ɗaya. Allurar nan iri biyu ce: RTS,S da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Oktoban 2021, da R21 a Oktoban 2023. Nijar ta ƙaddamar da tata a Gaya cikin Satumban 2024. A gwajin da aka fara tun 2019 a Gana, Kenya da Malawi, mutuwar yaran da suka kai shekarun karɓarta ta ragu da kashi 13 cikin ɗari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma kariyar ba cikakkiya ba ce kamar ta ƙyanda, kuma tana raguwa da lokaci. Allura huɗu ce, ta huɗun ita aka fi mantawa don tana zuwa bayan yaro ya shekara, lokacin da iyaye suka daina zuwa awo. Ku tambayi CSI ɗinku ko ta iso gundumarku, ku bi ranakun da ke kati.

Maganin damina na yara masu wata 3 zuwa 59 kwana uku ake sha kowane wata. Ranar farko a gaban mai rabawa, biyun da suka rage a gida, kuma nan ne ake yin sake: ko a ajiye, ko a raba wa wani yaro. In yaro ya yi amai cikin minti 30 a sanar da mai rabawa. Ku da ke kusa da kogi da gonakin shinkafa, gidan sauronku na duk shekara ne.

Wani ɗan kasuwa: Na sayi agogon hannu da ke nuna tansiyo da sukari ba tare da huda yatsa ba. Kullum yana nuna lafiya lau, har na rage shan maganina.

Alhaji, ka koma kan maganinka yadda aka rubuta, ka je a auna ka cikin makon nan. A Fabrairun 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su dogara da agogo ko zobe wajen auna sukari, domin ba ta amince da ko ɗaya ba. Koren hasken da ke bayan agogon bugun zuciya yake ƙirgawa, sauran lambobin a irin waɗannan agoguna masu araha ƙiyasi ne.

Sayi na'urar tansiyo ta damtse, ba ta wuyan hannu ba, mai maɗaurin da ya dace da kaurin hannunka, don ƙaramin maɗauri yana ƙara lamba. Kada ka sha shayi, kofi ko taba, kada ka ci goro, minti 30 kafin awo. Zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da zuciya, ba magana. Auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, kwana bakwai. Ka watsar da na ranar farko, ka kai wa likita sauran a rubuce. A gida iyaka 135 bisa 85 ce, a asibiti 140 bisa 90, abin da muke ce wa 14/9. In ta kai 18/12 tare da ciwon ƙirji, dishi-dishin gani ko nauyin harshe, a wuce da kai asibiti nan take.

Wani dattijo daga Yantala: Ƙanena yana wankin ƙoda. Jikana ya ce an fara dasa wa mutane ƙodar dabba, kuma nan gaba ɗan Adam zai riƙa kai shekara 150.

Baba, Allah ya ba shi sauƙi. A Maris na 2024 a birnin Boston an dasa wa wani mai shekara 62 ƙodar alade da aka gyara ƙwayoyin gadonta. Ya rasu bayan kimanin wata biyu, ko da yake likitocinsa sun ce ba su ga alamar dashen ne sanadi ba. Har yanzu gwaji ne, kuma hukuncinsa a addini na malamai ne. Batun shekara 150, mafi tsawon rai da aka tabbatar da takarda na wata Bafaranshiya ne da ta rasu a 1997 tana da shekara 122. Abin da kimiyya ta fi yi shi ne hana mutuwar ƙuruciya. Ku kun ga agana da idonku, an shelanta kawar da ita a 1980. Kun ga shekarun da sanƙarau ke share gida, kafin allurar MenAfriVac da aka fara a Nijar, Mali da Burkina Faso a 2010 ta kusan shafe nau'in A.

Abin da ke damuna shi ne magungunan da muke rasawa. A 2019 kimanin mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cuta da suka daina jin magani, kuma kafso biyu-biyu da ake saya hannun masu talla yana cikin abin da ke horar da su.

Tunda ciwon ya shiga gida, ku da ƴaƴanku ku yi gwaji uku kowace shekara: tansiyo, sukari, da kireyatinin, wato gwajin jini na aikin ƙoda, haɗe da duba furotin a fitsari. Ƙoda ba ta yin ciwo sai ta yi nisa da lalacewa. Mai shan dikilofenak ko ibuforofen kullum don ciwon gwiwa ya faɗa wa likita a sauya masa, haka mai shan jiƙon da bai san abin da ke ciki ba. Ƙanenku kuma kada ya tsallake ranar wanki ko da ya ji ƙarfi, ya kiyaye adadin ruwan da aka yanka masa, ya bar kanwa a miya. Ya kuma rage dabino da ayaba, saboda potasiyom da ke taruwa tsakanin wanki da wanki yana iya tsayar da zuciya. Hannun da aka yi wa hanyar wanki, kada a auna tansiyo ko a ɗebi jini a cikinsa, kuma kada ya kwanta a kansa.