Rusau ne maganin unguwar talakawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. A Walia nake zaune, cikin Injamena, mu takwas a ɗaki biyu. Duk damina sai salga ta tumbatsa, yara su kama gudawa. Maƙwabcinmu ya ce da rusau Turawa suka gyara biranensu, mu ma shi ne maganinmu. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba yaran lafiya. Maƙwabcinku ya faɗi rabin labari. An yi rusau a Faris tsakanin 1853 da 1870, ƙarƙashin Haussmann, jami'in da ke kula da birnin a lokacin, aka fitar da manyan tituna. Amma talakawan da aka tasa bayan gari suka koma, da cunkosonsu da cutarsu.

Abin da ya ceci rayuka daban ne. A 1854 kwalara ta kashe mutum sama da 600 a unguwar Soho ta Landan. Wani likita, John Snow, ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ya ga kusan duk famfo guda suke ɗiba. Ya sa aka cire hannun famfon. Da aka tona, ashe wata salga ce dab da rijiyar famfon take tsiyayowa ciki. Kin ga dai irin halin da kika kwatanta ne. Bayan warin da kogin Thames na Landan ya yi a 1858, sai gwamnati ta saki kuɗi aka haƙa manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa.

Misalin da ya fi kama da namu shi ne unguwar Orangi, a Karachi ta Pakistan. Daga 1980 mutanen kowane layi suka riƙa haɗa kuɗi suna shimfiɗa bututun kwata da hannunsu, ba tare da an tashe su ba.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, Walia tana tsakanin kogunan Shari da Logon ne, kuma kin ga 2022, lokacin da kwale-kwale ya maye gurbin babur a kan titi. Akwai kwarin da dole a tashi, amma a ba mutane fili da takarda tukuna. Wanda ke kwana da fargabar rusau ba zai sayi siminti ba.

Kafin nan, ku ɗaga bakin salga da bulo sama da inda ruwa ya tsaya bara, ku tafasa ruwan sha tun daga ruwan farko. In gudawa ta zo da amai, a fara ba yaro ruwan gishiri da sukari a kan hanyar asibiti.